Tsuntsun da ya ƙaurace wa tsibiri shekara 96: nazarin yadda aka maido da shi

## Wurin da mai wurin

Tsibirin da wannan nazari ya shafa, Eastern Egg Rock, yana gaɓar jihar Maine, a kusurwar arewa maso gabashin Amurka, cikin wani lungun teku da ake kira Muscongus. Faɗinsa eka 7 ne, kimanin filin ƙwallo huɗu a haɗe, kuma tsakaninsa da tudu akwai wajen kilomita 10. Babu itace ko ɗaya a kansa, babu rijiya, babu wurin da jirgi zai tsaya. Tsakiyarsa ciyawa ce, gefensa kuwa manyan duwatsu ne da igiyar ruwa ta jibge kan juna. Mallakar hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ne, amma ƙungiyar Audubon mai kare tsuntsaye ita ke riƙe da shi.

Tsuntsun da ake magana a kansa Turawa na ce masa fafin. Kaɗan ya ɗara ƙosasshiyar tantabara, nauyinsa wajen rabin kilo. Bayansa baƙi, cikinsa fari, ƙafafunsa ruwan lemo, bakinsa faffaɗa mai zanen ja da rawaya, abin da ya sa matuƙan jirgi na da suka laƙaba masa akun teku. Ɗan ruwa ne na haƙiƙa. Wata takwas a shekara yana can tsakiyar teku, a kan ruwa yake kwana, da fukafukansa yake iyo a ƙarƙashin ruwa yana bin kifi. Haihuwa kaɗai ke kawo shi tudu, daga Afrilu zuwa Agusta, lokacin ɗumin ƙasarsu, wanda ƙarshensa ke dacewa da tsakiyar daminarmu.

Ƙwai ɗaya tak macen ke yi a shekara, cikin rami ko ƙarƙashin dutse. Ita da namijin suna karɓa-karɓar kwanci kimanin mako shida, su ƙara wani mako shida suna ɗauko wa ɗan tsakon ƙananan kifaye, jere a baki kamar tsire. Ran da ya isa tashi, da dare yake fita shi kaɗai, ba uwa ba uba, ya faɗa teku. Sai ya shekara biyu ko uku bai taka ƙasa ba, kuma ba ya fara haihuwa sai ya kai wajen shekara biyar. In lokacin ya yi, galibi inda ya tashi yake nema, kamar yadda shamuwa ke komowa garin da ta sani da faɗuwar damina. Kuma ba ya zaman kaɗaici: inda ya hango 'yan'uwansa a tsaye, nan yake sauka.

## 1885 zuwa 1969: yadda gida ya zama kufai

A ƙarni na 19 masunta da mafarauta sun mai da tsibiran Maine rumbun da ba shi da mai shi. Ana kwasar ƙwai ana kaiwa kasuwa, har sunan wannan tsibiri ma daga ƙwai ya samo asali. Ana shimfiɗa taru a kan duwatsu a kama fafin don miya. Da yayin ado da gashin tsuntsu a hulunan matan birni ya shigo, sai aka koma harbin wani tsuntsu siriri mai wutsiya kamar almakashi, wanda za mu kira tsattsewar teku. Tsuntsun da ke yin ƙwai ɗaya a shekara ba ya jure irin wannan ɗiba. Wajen 1885 fafin ya daina haihuwa a tsibirin. A 1901 abin da ya rage a kudancin wannan gaɓa namiji ɗaya ne da mace ɗaya, a tsibirin Matinicus Rock, su ma don an riƙa biyan mai kula da fitilar jiragen ruwa ta wurin ya yi gadinsu.

A 1918 Amurka ta kafa dokar kare tsuntsaye masu ƙaura, farauta ta tsaya. Dokar ta yi aiki, sai dai wanda ya fi cin moriyarta wani tsuntsu ne dabam: gal, babban tsuntsun bakin teku da halinsa ya fi kama da na shirwa, don haka shirwar teku za mu ce masa. Tana cin ƙwai, tana cin 'yan tsaki, babbar cikinsu mai baƙin baya tana iya kashe fafin babba. Ga kariyar doka, ga jujin garuruwa a buɗe, ga ragowar kifin da jirage ke zubarwa, sai ta yaɗu ta mamaye tsibirai. Tsattsewar teku ta yi sheƙarta ta ƙarshe a tsibirinmu a 1936.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bayan shekara tamanin babu fafin ɗaya mai rai da ya tashi a wurin balle ya nemi komawa, wanda kuma ya ratso bisa kuskure babu abin da zai gani sai abokan gaba.

## 1969 zuwa 1973: shawarar da aka yi wa dariya

A 1969 wani saurayi mai suna Stephen Kress ya zo koyar da ilimin tsuntsaye a sansanin Audubon da ke tsibirin Hog, ba nisa da wurin. A wani tsohon littafi kan tsuntsayen jihar ya karanta cewa fafin ya taɓa zama a wannan tsibiri da yake wucewa da ɗalibansa cikin jirgi. Tunaninsa shi ne: tunda ɗan tsako ba ya bukatar iyaye su raka shi teku, kuma tunda inda ya tashi yake komawa, me zai hana a ɗauko shi yana ƙarami daga inda suke da yawa, a raine shi a nan, ya buɗe ido ya ɗauka nan ne mahaifarsa?

Masana da dama ba su karɓi maganar ba, kuma suna da hujja. Fafin ba ya cikin haɗarin ƙarewa a lokacin, miliyoyi ne a Iceland da sauran arewacin Atlantika. Maine ita ce iyakar kudu ta inda yake iya rayuwa a wannan ɓangare, wato gefen tabarma. Sannan ba wanda ya taɓa gwada haka da shi, ba wanda ya san ranar da ɗan tsako ke haddace gida: tun yana cikin rami ne, ko sai daren fita? Aka sha rubuce-rubuce kafin hukumar namun daji ta Kanada ta yarda a ɗebi 'yan tsaki daga Great Island da ke Newfoundland, inda fafin ke haihuwa dubu bisa dubu. A 1973 aka ba da guda 6 na gwaji.

## 1973 zuwa 1976: jigila, reno, da shiru

Ana ɗaukar 'yan tsakin suna da kwana 10 zuwa 14, lokacin da jikinsu ya fara riƙe ɗumi ba sai uwa ta rufe su ba. Mutum zai kwanta rub da ciki a gangaren ciyawa, ya zura hannu cikin rami har kafaɗa, ya lalubo. Kowane ɗan tsako a sa shi cikin gwangwanin lemo, a rufe bakin da tsumman buhu, a jera gwangwanayen cikin akwatin katako, a yi tafiyar wajen kilomita 1,600 ta jirgin ruwa da mota da jirgin sama.

Masaukinsu ma sai da aka sha gwaji. An gwada na bututun yumɓu, an gwada haƙa rami a ƙasa, kafin a tsaya a kan ɗakunan da ake ginawa da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa, kamar ginin tubali. Abin tsoro shi ne zafi, da ruwan sama mai cika rami, da ƙazanta. Ɗan tsakon da gashinsa ya ɓaci da maiƙon kifi ko kashinsa, gashin ba zai tare ruwa ba, ran da ya shiga teku sanyi zai kashe shi ba tare da kowa ya gani ba. Kullum ana ajiye musu kifi da aka cusa wa ƙwayar bitamin, har kimanin wata guda. Gab da tashi a sa wa kowanne zobe mai lamba a ƙafa.

A daidai wannan lokaci aka buɗe yaƙi da shirwar teku. Daga 1974, da izinin hukuma, an yi amfani da guba a cikin gutsuren burodi, an yi harbi, an farfasa sheƙa da ƙwai. Wannan ɓangare bai yi wa masoya tsuntsaye da yawa daɗi ba: ƙungiyar kare tsuntsu ce ke kashe tsuntsu. Amsar masu aikin ita ce, hannun mutum ne ya yawaita shirwar tun farko, ba ikon daji ba.

Reno ya yi kyau. Daga 1973 zuwa 1986 an kawo 'yan tsaki 954, guda 914 suka kai ga tashi. Amma a farkon lamarin wannan ba ta'aziyya ba ce. An shiga 1974, an fita 1975, an gama 1976, ba a ga fafin ko ɗaya ya dawo ba. Masu ba da kuɗi suna tambaya, masu ba da izini suna tambaya, masu aikin kuwa ba su da amsa sai cewa tsuntsun bai isa dawowa ba tukuna. Gaskiya ce, amma ita ce kuma maganar da wanda aikinsa ya rushe zai faɗa.

## 1977 zuwa 1981: katako, madubi da lasifika

A nan Kress ya sake duba lamarin ta idon tsuntsun. A ce fafin ɗan shekara biyu ya tuna hanya, ya zo ya yi shawagi. Me zai gani? Dutse fayau. Wanda ya iso unguwa ya tarar ba hayaƙi ba motsi, ba ya sauke kaya. Sai aka sassaƙa fafin na katako, aka yi musu fenti, aka kafa su a kan duwatsu masu tudu inda za a hango daga teku. Dabarar ta mafarauta ce tsohuwa, aka juya ta. Maharbin ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya irin ta burtu har ya kusanci nama, ya san wannan sirri: dabba na sakin jiki in ta ga abin da ta saba gani. Bambancin kawai, wannan karon ba kibiya a baya.

Ranar 12 ga Yuni, 1977, wani fafin ya zo ya sauka a ruwa kusa da jirgin masu aikin. Da zobe a ƙafarsa. Ɗan shekara biyu ne, cikin waɗanda aka raina a 1975.

Daga nan suka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, biyu-biyu. An ga suna tsayawa kusa da na katakon, suna goga musu baki, wanda a wurin fafin gaisuwar masoya ce. Da yake katako ba ya amsawa, wasu kan gaji su tashi, sai aka ƙara da akwatuna masu madubi, tsuntsu ya ga wani yana motsi in ya motsa. Duk da haka an ƙara shekara huɗu ana kallon baƙi masu zuwa yawon buɗe ido: su sauka, su leƙa ƙarƙashin dutse, su tafi. Wasu daga cikin renon tsibirin ma sai aka karanto lambobinsu a Matinicus Rock, sun je inda ake da jama'a ta gaske sun yi aure a can.

Abin da aka yi a 1978 kamar ratse ne, amma yana cikin jigon lamarin. An kafa tsattsewar teku ta katako, aka sa lasifika tana kaɗa kukan taronsu dare da rana. Dalili kuwa, tsattsewar teku masifaffiya ce. In shirwa ta doso, ɗaruruwa ke tashi su yi mata taron dangi har sai ta bar wurin, fafin kuma ya samu inuwa a ƙarƙashin wannan faɗa da ba nasa ba. A 1980 tsattsewar ta yi sheƙa a tsibirin, karo na farko tun 1936.

Ranar 4 ga Yuli, 1981, wata ma'aikaciya ta hango fafin ya taho da kifi jere a bakinsa ya shige ƙarƙashin dutse. Fafin ba ya kai kifi rami sai akwai baki mai jira. A wannan shekara ma'aurata 4 suka haihu, shekara takwas bayan gwangwanin farko, shekara 96 bayan na ƙarshe.

## 1981 zuwa 2011: gadi da lissafi

Murna ba ta daɗe ba sai aka shiga wani dogon jira. Adadin ya ɗan hau, ya tsaya ƙasa da ma'aurata 20, ya yi kusan shekara goma a nan kamar an dasa shi, ko da yake an ci gaba da kawo 'yan tsaki har 1986. Sai da waɗanda aka ƙyanƙyashe a tsibirin suka girma suka fara dawowa, kuma baƙi marasa zobe daga wasu tsibirai suka fara ganin wurin ya zama gari, sannan lissafi ya motsa. A 2008 an ƙirga ma'aurata 101. An kuma maimaita aikin a Seal Island, wani tsibirin na Maine, inda aka kai 'yan tsaki 950 daga 1984 zuwa 1989, suka fara haihuwa a 1992.

Yadda ake samun waɗannan alƙaluma ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne aikin da ya fi kowanne tsawo. Kowace shekara, daga Mayu zuwa Agusta, mutum huɗu ko biyar, yawancinsu ɗalibai, suna zaune a tsibirin. A tanti suke kwana. Akwai 'yar bukkar katako guda, ita ce kicin, ita ce ofis, ita ce mafaka in hadari ya taso. Ruwan sha da abinci jirgi ke kawowa, ya tsaya nesa, a ƙarasa da ƙaramin kwalekwale, in teku ta yi fushi kuwa sai a jira. Da sassafe a ƙirga duk tsuntsun da ke kan tsibiri da kewayensa, a rubuta yanayin iska da ɗumin ruwan teku. Sannan kowa ya nufi akwatin ɓuyarsa, wani ɗan keji na katako da bai fi mutum ɗaya a zaune ba, ya yi wajen awa uku yana leƙe ta taga da madubin hangen nesa. Hanyar zuwa can ma jarrabawa ce, don tsattsewar da aka yi wahalar kirawo ba ta san mai gida ba: tana saran kai, tana zuba kashi, dole a sa hula mai kauri a kuma riƙa duba ƙasa kada a taka ƙwai.

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san ƙima, kuma a nan mudun ake so. Ba a cewa "bana sun yi yawa". Sai an ga fafin ya shiga wani rami da kifi, a rubuta lambar da aka shafa wa dutsen da fenti, sannan ramin ya shiga lissafi. Ana karanta lambar zobe daga nesa don a san wane ne ya dawo, da wa ya haɗu, shekararsa nawa, ta haka aka tabbatar wasu na haura shekara 30. Ana rubuta irin kifin da ke bakin kowane tsuntsu da tsawonsa. Ana kutsa kai da kafaɗa tsakanin duwatsu a zaro ɗan tsako, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a mayar. A lokacin, rubuta sunan kifi dubu-dubu kamar aikin ɓata takarda ne. Amfaninsa sai daga baya ya fito.

An nemi hanyar rage wannan zama. Har mutum-mutumi mai motsi aka kafa, sanye da rigar ruwa, wanda ke miƙewa lokaci-lokaci don ya razana shirwa. Mai son abinka ya fi ka dabara: shirwar teku ba ta daɗewa take gane abin da ba ya cutarwa. Mutum mai rai, mai yawo, wanda wani lokaci yake ɗauke da bindiga, shi take shakka. Wasu matsalolin kuma nasarar ce ta haifo su. Kashin dubban tsuntsaye taki ne, ciyawa ta yi tsawo ta rufe filin da tsattsewa ke sheƙa, sai an yi nome ana shimfiɗa abin hana tsiro. Gaggafa, wadda ita ma doka ta farfaɗo da ita, ta fara kawo farmaki. Karen ruwa kan iyo ya ƙetaro.

Masu zuwa kallo kuwa an yi musu iyaka tun farko. An haramta sauka a tsibirin duk tsawon lokacin haihuwa. Jiragen yawon buɗe ido na tasowa daga garuruwan gaɓa irin su New Harbor da Boothbay Harbor, su kewaya tsibirin a hankali, wani ma'aikacin ƙungiyar yana bayani, su juya. Dubban mutane ke zuwa kowace shekara, wani kaso na kuɗin tikiti yana komawa cikin aikin, masu jirage da masu masauki suna samun abin sawa a baki. Mai kallo yana ganin fafin a kan ruwa da kan dutse, ƙafarsa ba ta taɓa ƙwai ba.

## 2012 zuwa yau: matsalar da ta zo ta ƙarƙashin ruwa

A 2012 ruwan tekun Maine ya yi ɗumin da ba a saba gani ba. Abincin ɗan fafin a wannan yanki ƙananan kifaye ne sirara masu son sanyi, musamman herin da farin hek. Da ruwa ya yi ɗumi sai suka nutsa ƙasa ko suka yi nisa. Iyaye suka koma kamo abin da suka samu, wani kifi da ake kira batafish, mai faɗin jiki kamar 'yar karfasa. Ɗan fafin ba ya yagar kifi, haɗiyewa yake ɗungurungum, wannan kuwa ba ya wuce maƙogwaronsa. A Seal Island akwai kyamara a cikin wani rami da ke watsa hoto kai tsaye ta intanet, kuma mutane a gidajensu, har da 'yan makaranta, suka kalli wani ɗan tsako yana ta fama da kifin da ya fi bakinsa har yunwa ta kashe shi, ga abinci zube kewaye da shi.

A manyan tsibiran nan biyu da ke can cikin teku, Seal Island da Matinicus Rock, inda a shekarun lafiya kimanin kashi 77 cikin 100 na ramuka ke fitar da ɗan tsako, adadin ya faɗo zuwa 31 a 2012, ya ƙara faɗowa zuwa wajen 10 a 2013. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa daga 2004 zuwa 2013 wannan teku ta yi saurin ɗumama fiye da kashi 99 cikin 100 na tekunan duniya.

Nan littattafan sunan kifi suka biya wahalarsu. Da yake akwai lissafin shekaru masu yawa, an iya nuna ainihin abin da ya canja a bakin tsuntsu da shekarar da ya canja. An kuma ga wani abin da ba a zata ba: a wasu shekarun ƙananan kifin hadok da wani jan kifi na ƙasan teku sun cike giɓin, kuma waɗannan kifaye ne da suka farfaɗo saboda dokar ƙayyade kamun kifi ta Amurka. Sannan 'yan na'urorin da aka ɗaura wa wasu fafin a ƙafa sun nuna cewa da hunturu suna zuwa wani yanki mai kwazazzabai a ƙarƙashin teku, kimanin kilomita 300 kudu maso gabas da Cape Cod, wani tsinin ƙasa a jihar Massachusetts. Wannan na cikin hujjojin da aka gabatar kafin shugaba Obama ya ayyana yankin a matsayin wurin da aka keɓe a 2016.

Tun daga nan lamarin hawa da sauka ne. A 2019 tsibirinmu ya kai ma'aurata 188. A 2021 ɗumin ruwa ya haɗu da ruwan sama mai yawa, kimanin ɗaya cikin huɗu na 'yan tsakin fafin a tsibiran Maine ne suka rayu. 2022 da 2023 suka zo da sauƙi. Jimillar fafin a jihar yanzu ta haura ma'aurata 1,300.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

Hasashen Kress na farko ya tabbata: ɗan tsakon da aka ɗauke da wuri yana ɗaukar inda ya tashi a matsayin gida. Amma a ganina jigilar 'yan tsaki, wadda ita aka fi ba da labarinta, ita kaɗai da ba ta kai ko'ina ba. Lissafin ma ya nuna: 914 suka tashi, amma shekaru bayan haka masu haihuwa a tsibirin ba su kai ma'aurata 20 ba. Mafi yawa teku ta cinye su, kamar yadda take cinye yawancin 'ya'yan tsuntsayen ruwa, wasu kuma sun bi jama'a zuwa wani wuri. Jigila ta kawo tsuntsu bakin ƙofa ne kawai. Katako da madubi suka sa ya sauka, tsattsewa da masu gadi suka sa ya kwana. Hujjar ita ce tsattsewar kanta: ba a ɗauko mata ɗan tsako ko ɗaya ba, katako da lasifika da korar shirwa kawai, cikin shekara biyu ta dawo. Shi ya sa wannan dabara mai araha ta fi yaɗuwa. An yi amfani da ita, ko ita tare da jigila, a Japan, da Bamuda, da Kalifoniya, da gaɓar Sin, kuma wani nazari na 2023 ya ƙirga irin wannan yunƙuri sama da 800 a ƙasashe 36.

Abin da ya gaza a fili yake. Duk ƙoƙarin maye gurbin mutum da na'ura bai kai ba. Fatan cewa wata rana garin tsuntsayen zai yi ƙarfin da zai kare kansa, a naɗe tanti a tafi, bai cika ba bayan shekara hamsin. Akwai wani tsibiri maƙwabcinsa, mai kama da shi, wanda shi ma fafin ya taɓa zama a kansa. Ba a sa masa masu gadi ba, kuma har yau fafin bai koma ba. Masu sukar farko da suka ce Maine gefen tabarma ce, su ma ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, don gefen ne ɗumin teku ya fara ci, kuma babu adadin katako ko harsashi da zai sanyaya ruwa.

Kashe shirwar teku kuwa ban ga yadda za a wanke shi tas ba, ban kuma ga yadda aikin zai yiwu ba tare da shi ba. Zaɓi aka yi tsakanin tsuntsu da tsuntsu, mutane ne suka yi shi, kuma gara a faɗe shi haka.

Wanda zai kwaikwayi wannan aiki, abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne wa zai biya kuɗin shekara ta tara in ta takwas ta wuce ba a ga komai ba, kuma wa zai zauna cikin akwati yana rubuta sunan kifi alhali ba wanda ya san ranar amfaninsa. Kress ya yi ritaya a 2019. Aikin ya koma hannun na bayansa, kuma kowane watan Mayu sai an sake loda jarkokin ruwa da tantuna a jirgi, a jira teku ta kwanta, a tura kwalekwale zuwa duwatsun.